Matsa Ƙashin Baya da Yara Masu Galahanga



An nemi in yi bayani a kan wata hanyar magani da ake kira kairofiraktik, wato matsa gaɓoɓin ƙashin baya da hannu, da kuma iƙirarin da wasu masu sana'ar ke yi cewa tana warkar da galahanga ko tana rage ta. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka da Kanada da Ostireliya, amma bidiyoyinta na Facebook da YouTube sun iso wayoyin iyayenmu, shi ya sa maganar ta shafe mu.

Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro ta a garin Davenport na jihar Iowa a 1895. Ba likita ba ne. Ya ce ya danna bayan wani mai sharar gini, Harvey Lillard, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai kunnensa ya buɗe. Daga nan ya gina aƙidarsa: wai kusan kowace cuta tana faruwa ne saboda gocewar wata gaɓa a ƙashin baya, wadda ke danne jijiya. A kan wannan harsashi aka ɗora batun galahanga, cewa idan aka daidaita ƙashin wuyan yaro saƙon ƙwaƙwalwa zai gudana, bakinsa ya buɗe. To, a 2010 hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Birtaniya, tasu ta kansu, ta sanar cewa babu hujjar bincike da ke nuna wannan gocewa tana haddasa cuta.

Galahanga kuwa yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, tun yaro yana ciki. Likita Leo Kanner ya bayyana ta a 1943 bayan nazarin yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita. Wani babban bincike na 2019 da ya ƙunshi mutum miliyan biyu a ƙasashe biyar ya gano cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na dalilinta. Ina ƙashin wuya ya shigo a nan?

Mai sauraro zai iya cewa, mu bar dalili, mu duba ko tana aiki. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma an duba. A 2011 wasu masu bincike, su ma 'yan sana'ar ne, sun tattara duk abin da aka wallafa a kan batun, suka samu rubuce-rubuce biyar kacal. Uku labarin yaro ɗaya-ɗaya ne. Gwajin da ke ciki guda ɗaya ya kwatanta salon matsa biyu ne a kan yara 14, ba tare da rukunin da ba a taɓa ba. Ina so ɗalibanmu su riƙe wannan, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Yaro mai galahanga yana girma. Wanda bai furta kalma ba yana da shekara uku yana iya fara magana yana da huɗu, ko an matsa bayansa ko ba a matsa ba. Uwar da ta biya kuɗi kuma take addu'a dare da rana, ita ce aka tambaya ko ta ga sauƙi, kuma ba ƙarya take yi ba idan ta ce ta gani. Sai an ajiye yaran da aka yi wa kusa da waɗanda ba a yi wa ba, an auna ba tare da mai aunawar ya san wane ne wane ba, sannan za a san aikin hannu ne ko na lokaci. Ƙarar nan da ake ji lokacin matsawar, wadda ke sa iyaye su ce ƙashi ya koma mazauninsa, iska ce a cikin ruwan gaɓa, daidai da ƙarar da yatsa ke yi idan an ja shi.

Adalci ya sa in faɗa cewa ga babban mutum mai ciwon baya, bincike ya nuna matsawar na iya ba da ɗan sauƙi, kwatankwacin motsa jiki. Iyakarta ke nan.

Batun hatsari kuma, ba ya yawan faruwa, amma yana nan. Wani nazari da mujallar Pediatrics ta buga a 2007 ya tattaro yara 14 da matsawar ta yi wa illa kai tsaye, tara daga ciki mai tsanani, har da zubar jini a ƙwaƙwalwa da shanyewar jiki. Ya kuma kawo wasu 20 da aka makara wajen gano ainihin cutarsu ko ba su maganin da ya dace. A Ostireliya, bayan bidiyon wani mai sana'ar yana matsa bayan jariri ɗan mako biyu ya tayar da hankalin jama'a a 2019, hukumarsu ta dakatar da yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Ku ƙara da cewa yawancin yaran da muke magana a kansu ba sa son a taɓa su ba zato, wasu ma ba su da bakin cewa akwai zafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokaci. Shekarun farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyarwa, kuma kuɗin gida ba su da yawa. Duk watan da aka ƙarar a kan gadon matsa, an rage shi ne daga koyar da magana, da koyar da cin abinci da sa tufafi, da horar da uwa da uba yadda za su ja hankalin ɗansu ta hanyar wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu reno da aka tsara musamman domin wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Akwai kuma matsalolin da ke rakiyar galahanga waɗanda ake magancewa a asibiti: farfaɗiya, rashin barci, taurin bayan gida. Yaron da ke ihu yana buga kansa da bango, wani lokaci cikinsa ne ko haƙorinsa ke ciwo.

Ga ’yan uwana ma'aikatan lafiya, idan uwa ta nuna muku irin wannan bidiyo a wayarta, kada ku yi mata tsawa. Ta zo da shi ne don tana neman mafita, kuma sau da yawa an sallame ta daga ɗakin likita cikin minti biyu ba tare da bayani ba. Ku zaunar da ita, ku duba jin yaron, ku tambayi barcinsa da cin abincinsa, ku sa mata ranar dawowa.