Kwalta da hanyar namun daji: darasin Kure ga ƙasar Ƙwanni



Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi ta ratsa Birnin Ƙwanni, ta raba dazuzzuka gida biyu. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe da suka rage a Afirka ta Yamma suna cin damina a kan tudu, da rani kuma su gangara Dallol Boso. Dole su ƙetare kwalta, mota kuwa ta sha kashe su. A 1996 guda 49 kawai aka ƙidaya. Da aka tsananta hana farauta, aka kuma sa mutanen karkara cikin aikin tsaro, sun haura 600, har aka ɗebi 8 zuwa gandun Gadabeji a 2018.

A Ƙwanni da Malbaza da Illela manyan namun daji sun daɗe da ƙaura. Abin da ya saura shi ne dila da zomo da guza da zabin daji, kuma mafakarsu a yau ita ce burtali, wato hanyar da shanun makiyaya ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya. Inda manomi ya ci burtali da garma, naman daji ya rasa mabi, makiyayi kuma ya kora garkensa kan kwalta, a gaban manyan motocin siminti na Malbaza.

Doka kuwa akwai ta. Tsarin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali, dokar 1998 ta kare namun daji. Takarda dai ba ta taɓa kafa turke ba, kuma ɗan siyasar da ke neman ƙuri'a ba ya son ɓata wa mai gona rai.

Saboda haka, kafin a ba da kwangilar gyaran hanyar Tsarnawa zuwa Tawa, ko wata hanya makamanciyarta, ya kamata kwamitocin filaye da ma'aikatan gandun daji su zauna da makiyaya da mafarauta, domin su suka san maƙetara. A nan za a kafa alamu, a tilasta rage gudu, a faɗaɗa kwalbatoci yadda ƙaramar dabba za ta wuce ta ƙarƙashi. A rubuta kuɗin wannan aiki cikin kwangilar tun farko, inda 'yan majalisa za su iya bin sawunsa.