Baki Kafin Alƙalami: Yadda Ya Kamata a Shirya Ɗaliban Sakandare Domin Wasan Kwaikwayo



Duk wanda ya san makarantunmu na sakandare ya san yadda ake haihuwar wasan kwaikwayo a cikinsu. Saura mako biyu bikin yaye ɗalibai, sai shugaban makaranta ya tuna ana bukatar abin da zai ba baƙi dariya tsakanin jawabi da jawabi. A kira malamin Hausa, ya zauna dare ɗaya ya rubuta shafi huɗu a kan shaye-shaye ko satar amsa, ya zaɓo yara bakwai masu baki, ya raba musu takarda su haddace. Ran biki makirfo ɗaya ce ake miƙawa hannu zuwa hannu, mai magana ya ba jama'a baya, a ƙarshe wani ya fito ya karanto darasin da ke cikin wasan. Yaran nan bakwai sun yi hadda, abin da dama sun iya, sauran 'yan ajin kuwa kallo kawai suka sha. Da'awar wannan takarda ita ce aikin ya cancanci zangon karatu guda, ya haɗa rubutu da kwaikwayo da shirya dandamali, kuma jerinsa ya zama yara su fara yin wasan da baki, sannan su rubuta shi da hannunsu. Malami ya tsare hanya, amma kada ya rubuta musu ko layi ɗaya.

Hujjar farko tana cikin yaran kansu. Ɗalibin da ya taso a ƙasar Hausa ba baƙon wasa ba ne. Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe, kuma wanda ya lura da Jatau Mai Magani ko Tsoho da Gemu ko Mairama da Daudu zai ga dukkan sassan sana'ar a dunƙule. Su suke raba wa juna matsayi, su nemo auduga su yi gemu, su cusa tsumma su yi tumbi, su zaɓi ƙofar gidan da za su tsaya, su karanci fuskar masu gida su san lokacin da za su ja wasan da lokacin da za su taƙaita. Babu takarda a hannun kowa. Ko a biranen da tashe ya yi rauni, yaran da ke ɗaukar gajerun bidiyon barkwanci da wayar yayyensu irin wannan aikin suke yi. Idan malami ya fara da miƙa musu rubutu, ya rufe ƙofar da suka riga suka san hanyarta, ya buɗe wadda suke tsoro, wato karatu a gaban jama'a.

Tarihin wasan kwaikwayon Hausa ma bai saɓa wa wannan ba. Gaskiya ne rubutaccen wasa ta makaranta ya shigo, tun daga wasanni shida da R. M. East ya fitar a shekarun 1930, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau. Amma a dubi inda ya yi ƙarfi. Malam Aminu Kano yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara tsara wasanninsa, daga abin da ya gani a kasuwa da fada. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, kunne ya fara jin su a rediyo kafin ido ya gan su a littafi, shi ya sa har yau hirar cikinsu take da ɗanɗanon maganar tsakar gida. A Damagaram, Yazi Dogo, wanda shi ma ya yi aikin malamin makaranta, da shi da abokan wasansa kan daidaita ƙashin labari ne tukuna, maganganun kuma su fito a wajen gwaji. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun shekarun 1970 ake tura ɗaliban wasan kwaikwayo cikin Samaru su saurari mutane, su dawo su gina wasa daga abin da suka jiyo. Hanyar da ta yi wa waɗannan aiki ba ta fi ƙarfin ɗan aji biyar ba.

Ga yadda zangon zai iya tafiya. Makonni uku ko huɗu na farko na kallo ne da saurare: kowane rukuni na yara shida zuwa takwas ya kawo rikici ɗaya da ya gani da idonsa, a bakin famfo ko a layin niƙa ko a tasha, su yi shi a tsaye sau da yawa, kullum da sabuwar magana. Mutum ɗaya yana gefe da littafi yana kama abin da ya yi armashi. Sai a mako na biyar a zauna rubutu, kuma a nan ake gane ribar jinkirin. Ɗalibar da aka ce ta rubuta hira daga zaune za ta sa yarinya ta ce wa ubanta, "Barka da asuba mahaifina, ina son kuɗin makaranta." Babu gidan da ake magana haka. Wadda ta fara yin abin a tsaye za ta tuna cewa yarinyar durƙusawa take yi ta gaida Baba, ta yi shiru tana wasa da bakin hijabi, sai ya tambaya, ta ce an ce gobe za a kore su. Ko ma ba za ta je ba sam, Inna za ta aika. Wannan shirun da wannan aike su ne wasan. Daga nan malami ya shigo da abin da yaran ba su da shi: raba labari kashi-kashi da fitowa-fitowa, rubuta umarnin dandamali, yanke hirar da ba ta kai labari gaba, da kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato me kowane mutum a wasan yake so, wa ya tare masa hanya.

Wannan tambaya ce maganin cutar da ta fi damun wasanninmu na makaranta, wato mayar da su wa'azi. Faɗakarwa tana da gurbinta, amma idan ɗan shaye-shaye mugu ne tun fitowa ta farko har ya haukace a ta ƙarshe, babu ɗan kallon da zai ga kansa a cikinsa. Haka abin yake ga kwaikwayo. A ce wa yaro ya fito a tsoho, nan take zai ranƙwafa, ya kama sanda, ya hau karkarwa da tari. A tura shi ya yi mako yana lura da dattijo ɗaya a unguwarsu: yadda yake dafa gwiwa kafin ya zauna, yadda yake tura hula baya idan zance ya yi zafi, yadda yake jan carbi yana sauraro ba tare da ya dubi mai magana ba. Yaron da ya dawo da waɗannan ba ya bukatar gemun auduga. Sauran horon kwaikwayo gajere ne kuma sananne: a yi magana domin na layin ƙarshe ya ji ba tare da ihu ba, kada a ba jama'a baya, kada a tsaya a jere kamar masu ɗaukar hoto.

Za a ce babu kuɗi, babu zaure, babu wuta. Wannan ƙorafi gaskiya ne, sai dai bai kai hujja ba. Dandalin wasan da aka gina a Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar shekarun 1970 da ƙasa aka yi shi, ɗakuna zagayayyu kewaye da fili, bisa fasalin gidan Bahaushe. Tabarma da buta sun isa su ce tsakar gida. Benci da faifan goro sun isa su ce tasha. Idan an yi wasan bayan La'asar, 'yan kallo suka ba rana baya, hasken ya sauka a fuskar 'yan wasa, an huta da janareta. Abin da ake koya a nan shi ne tunani: ta ina za a shiga, ta ina za a fita, wa zai ɗauke benci kafin fitowa ta gaba, cikin daƙiƙa nawa. Nan ne kuma gurbin yaron da ba ya iya buɗe baki a gaban mutane amma ya iya zane, ko ɗinki, ko ƙusa da guduma.

Za a kuma ce wasan baki shirme yake haifarwa, ga jarrabawa na tafe. Shirme yana zuwa ne idan an tsaya a baki; tsarin da nake kawowa yana ƙarewa da rubutaccen wasa da aka gyara sau biyu ko uku. Game da jarrabawa kuwa, wasan kwaikwayo yana cikin adabin Hausa da WAEC da NECO suke tambaya. Ɗalibin da ya sha wahalar gina jigo da warwararsa da hannunsa, ba zai ruɗe ba idan aka tambaye shi zubi da tsarin Uwar Gulma ko Kulɓa Na Ɓarna.

Ƙorafin da ya fi nauyi na iyaye ne, kuma bai kamata a amsa shi da raini ba. Sau da yawa uba idan ya ji an ce dirama, abin da ke zuwa ransa rawa da waƙa ne da cuɗanyar maza da mata, yana kuma tsoron 'yarsa ta ɗauki hanyar da ba ya so. Yana da haƙƙin ya tambaya. Amsar ita ce a buɗe masa komai: gwaji da rana, cikin harabar makaranta, a gaban malami ko malama, a makarantun da ke haɗe a iya raba rukunan maza da na mata, kowanne ya zaɓi labarin da zai iya ɗauka, domin rikicin kishiyoyi ko na 'yan adashi ba ya bukatar namiji a dandamali, kamar yadda rikicin 'yan acaɓa da mai babur ba ya bukatar mace. Kuma tunda akwai rubutaccen wasa kafin ranar nuni, ana iya ajiye shi a gaban ƙungiyar iyaye da malamai su karanta, abin da wasan mako biyu ba ya bayarwa.

Saura batun maki. Idan ranar nuni kaɗai aka auna, mai ban dariya ne zai kwashe komai, a koma gidan jiya. Ya kamata kaso mafi yawa ya tafi ga abin da aka yi cikin zango: littafin da kowane ɗalibi yake rubuta abin da ya jiyo da abin da ya gyara, zuwa gwaji a kan lokaci, da bambancin da ke tsakanin rubutun farko da na ƙarshe. Malamin da bai taɓa karanta fannin wasan kwaikwayo ba zai iya duba waɗannan. Ta haka ne kuma yarinyar da ta zauna bayan labule riƙe da littafin wasa, tana tuna wa wanda ya manta, tana ɗaga hannu a shigo da tabarma, za ta iya samun makin da ya kai na tauraron da aka yi wa tafi.