Wasiƙun Banza da Ƙarfin Doka

 Daga unguwar Camberwell a kudancin Landan nake magana da ku. Nan ne nake zaune, kuma da ita da Peckham mai maƙwabtaka da ita akwai 'yan Nijeriya masu ɗimbin yawa. Kusan duk wanda ka tambaya a cikinmu zai ce maka kowace safiya yakan iske akwatinsa na imel cike da wasiƙun da bai nema ba: wannan na tallar magani, wancan na albishirin gādon da babu shi.

Abin ya daɗe. Tun a shekarar 1978 wani ɗan talla a Amurka mai suna Gary Thuerk ya aika wa mutane wajen 400 saƙo ɗaya a lokaci guda. Amma sai a 2003 gwamnatoci suka tashi tsaye. Birtaniya ta kafa dokar da ta ce kada kamfani ya aika wa mutum talla sai da yardarsa, in dai ba tsohon abokin ciniki ba ne. Amurka kuwa ta bar ƙofa a buɗe: a aika, sai wanda aka dama ya ce a daina. A ganina hanyar Birtaniya ta fi dacewa, gama baƙo ne ke yin sallama kafin ya shiga gida.

To, dokar ta ciji wani? Ta ciji, amma ba da ƙarfi ba. A 2005 wani mutum mai suna Nigel Roberts ya kai ƙarar wani kamfani a kotun Colchester, ya samu fam 300. A watan Janairu na 2024 hukumar kare bayanan jama'a ta ci kamfanin HelloFresh tarar fam 140,000 saboda imel miliyan 79 da saƙon waya miliyan ɗaya. Ku yi lissafi da kanku: kowaɗanne wasiƙu biyar ba su kai kwabo ɗaya na Ingila ba. Dokar da majalisa ta zartar a 2025 ta tanadi ɗaga iyakar tarar daga fam 500,000 zuwa fam miliyan 17.5.

Sai dai duk waɗannan masu adireshi ne, ana iya kai musu sammaci. Mazambacin da ke ɓoye a wata ƙasa, alƙalin Landan ba shi da iko a kansa. Nan ne abin yake sosa mana rai, domin duniya ta laƙaba wa irin wannan zamba lambar 419, wato sashe na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya (mu a arewa Final Kod muke bi). Nijeriya ta kafa hukumar EFCC a 2003, ta kuma yi dokar laifuffukan intanet a 2015, amma sunan bai goge ba, ko da yake masu wannan aiki suna ƙasashe da yawa.

Wani lokacin ma reshe ne ke juyewa da mujiya. Ƙungiyar Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a Landan a 1998, tana tara sunayen masu aika wasiƙun banza don a toshe su. Wani kamfanin Amurka da ta sa a jerin ya kai ta ƙara a jihar Illinois, kuma a 2006 kotu ta ce ta biya dala miliyan 11.7. Shekara biyar aka yi ana fafatawa, sannan a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da kuɗin dala 3.