Gyaran Gida: Ta Ina Za A Fara?



Yau maganarmu a kan gyaran gida ce, irin babban gyaran nan da idan mace ta tsaya a tsakar gida ta duba sai gabanta ya faɗi. Katanga ta tsage, ɗaki yana yoyo, daɓe ya farfashe, kwata ta toshe, bakin rijiya ya zaizaye, ga tarkace jibge a bayan ɗaki. Sai ki ji ta ce, "Ni 'yasu, ta ina zan fara?" Daga nan ta koma ɗaki ta zauna, har wata daminar ta sake iske gidan yadda yake.

'Yar uwa, abin da ke kashe gwiwa shi ne kallon aikin a dunƙule. To mu warware shi. Ki zaɓi safiya guda, bayan yara sun tafi makaranta, ki zagaya gidanki tun daga ƙofar zaure har bayan gida. Ki rubuta duk abin da ya lalace, ko da boko ko da ajami. In ba ki rubutu, ki jira ɗanki ya dawo ya rubuta miki. Sannan ki kasa abubuwan kashi 3.

Kashi na farko, abin da zai iya taɓa rai: katangar da ta karkata, rijiya marar murfi, bakin shaddar da ya fara rufta. Kashi na biyu, abin da ruwan sama zai ƙara ɓatawa: rufi, indararo, kwata, gindin bango. Kashi na uku shi ne ado: fenti, farar ƙasa, labule. Mu mata ido ya fi kai mu ga na uku, amma shi ne na ƙarshe. Fenti a kan bangon da ke shan ruwa asarar kuɗi ce kawai.

Ga wata dabara game da tsagewar bango. Ki kwaɓa 'yar laka ki liƙa a kan tsagar, ki bar ta mako 2. In ta bushe ba ta rabu ba, tsohuwar tsaga ce, yaɓe zai wadatar. In kuwa ta sake tsagewa daidai wurin, bangon yana motsi. Ranar nan ki ɗauke shimfiɗar yara daga gindinsa, ki faɗa wa maigida a kira magini.

Mafi yawan ɓarnar gidajenmu ruwa ne ke yin ta. Garuruwan Gusau da Bunguɗu suna bakin Gulbin Sakkwato, na Tsafe da Kwatarkwashi kuwa ruwa daga kan duwatsu yake gangaro musu. Manyanmu ba su manta da 2006 ba, shekarar da madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwa, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka. Babbar ambaliya ba ta hannunki, amma ruwan da ke kwana a gindin katangarki a hannunki yake. Shi ke jiƙa ƙasa a hankali har bango ya zauna. A cikinsa kuma sauro ke yin ƙwai, cikin kwana 7 zuwa 10 ya tashi yana cizo. Saboda haka aikin farko da ba ya cin ko kwabo shi ne buɗe kwata da rariyar katanga, da ɗaga ƙasa a gindin bango don ruwa ya gangara waje. In kuma za a haƙa sabuwar shadda, a nisanta ta da rijiya iya yadda fili ya ba da dama. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar mita 30.

Sai lokaci. Damina a wajenmu takan fara wajen watan Mayu ko Yuni, ta fi ƙarfi a Agusta. Lokacin gyara shi ne daga kaka zuwa bazara: hatsi ya shigo, da ɗan kuɗi a hannu, laka tana bushewa, maza ba su gona. Wadda ta jira sai hadari ya haɗu, ta makara.

Batun kuɗi kuma, kada ki jira ya taru gaba ɗaya. In kina adashi, ko kina ƙuli-ƙuli, fura ko ɗinkin hula, ki ware kwasa guda ki sa mata suna, ki ce wannan ta rufin ɗaki ce. A sayi abin da ba ya lalacewa tukuna: kwano, kusa, katako. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ana kuma sayar da shi falle-falle. Siminti kuwa sai ana gab da aiki, domin in ya daɗe a ajiye ya sha laima, daskarewa yake yi.

Yaya za ki tunkari maigida? Kada ki tare shi da "gidan nan duk ya lalace" yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki kawo masa abu guda: ga matsalar, ga abin da za ta ci, ga abin da ni zan iya sawa. Ku tsayar da ranar da magina za su shigo, ki gama girki da ɗibar ruwa da wuri, ki shige ɗaki. Abin da kike so a yi, ki bayyana wa maigida ko babban ɗanki tun da dare, don kada a gama ki fito ki tarar an yi wani abu daban. In kuna da yawa a gidan, ku raba aikin kamar yadda kuke raba girki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma aikin da tun kaka da kakanni namu ne: daɓe. A kira maƙwabta gayya, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, a sa madaɓi, tsakar gida ta fito sumul. Sai dai a kula da inda ake ɗebo ƙasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa. Don haka ƙasar wurin haƙa ko wankin zinariya, kada ta shigo gidanki.

Aikinki na wannan mako guda 2 ne kacal: ki zagaya ki rubuta, ki kuma buɗe kwata. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.