GYARAN MAKARANTA: A FARA DA YARON DA KE ZAUNE A BAYAN AJI

Muna yi wa shugabannin makarantu, da malamai maza da mata, da iyayen yara, da 'yan kwamitoci waɗanda suka taso daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu barka da zuwa. Mun san wasunku sun biyo hanyar da ba a bin ta yau sai da addu'a a baka. Allah Ya saka muku da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

An nemi mu yi magana a kan yadda za a tsara gyaran makaranta ɗungurungum domin 'ya'yan marasa ƙarfi su sami ilmi kamar kowa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, saboda haka za mu fara da abin da ba shi da daɗin ji. A shekarar 2013, makin da aka yanka wa jihar Zamfara na shiga kwalejojin Gwamnatin Tarayya shi ne 4 ga maza, 2 ga mata, alhali kuwa ɗan jihar Anambara sai ya ci 139. A 2018 kuma, da aka bayyana adadin waɗanda suka yi rajistar wannan jarrabawa, cikin yara fiye da 70,000 a faɗin Nijeriya, 28 ne kacal daga Zamfara. Daga baya adadin masu rajista ya ƙaru, amma rubuta sunan yaro a takardar jarrabawa abu ne daban, iya karanta tambayar kuma abu ne daban. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da 'Yandoto take, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, ƙasar da babban birninta ma malami ne ya kafa shi, wato Malam Sambo Ɗan Ashafa.

Kada wani ya ce ba a taɓa yin komai ba. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya na UBE cikin 1999, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, da sharaɗin kowace jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa. Daga 2012 zuwa 2022 hukumar UNICEF ta gudanar da shirin ilmin 'ya'ya mata da kuɗin gwamnatin Ingila, kuma Zamfara tana ciki. A ƙarƙashinsa aka yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, na koyar da karatu da lissafi da harshen Hausa a aji 1 zuwa 3, har da makarantun allo da aka haɗa musu da boko. An yi shirin horar da malamai da ya fara a 2013 a Jigawa da Katsina da Zamfara. A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, aka shiga gyaran gine-gine, aka biya basussukan hukumomin jarrabawa da suka sa aka riƙe sakamakon 'ya'yanmu. Duk waɗannan alheri ne, ba mu raina su ba.

To amma ga abin da muka lura da shi. Kowane shiri yanki ɗaya yake kamawa. Wannan ya kawo littafi, wancan ya kai malamai bita, wani ya zo da kwano da siminti. Idan wa'adinsa ya cika ya naɗe tabarmarsa, sai littattafan su koma ofishin hedimasta a kulle a kwaba don kada su yage, malamin da aka horar kuma a yi masa canji zuwa wata makaranta. Wanda zai ɗinke waɗannan yankuna su zama riga guda ba ya Abuja, ba ya Landan. Shi ne hedimasta da malamansa da kwamitinsa, wato ku da kuke zaune a nan. Kuma ma'aunin da muke roƙon ku riƙa shi ne guda: shin yaron da ya fi kowa rauni a makarantarku zai iya karanta gajeren labari da Hausa, ya yi ɗebewa mai aro, kafin ya bar aji 3?

Shi ya sa muke cewa matakin farko gwaji ne, tun kafin a yi maganar fenti. A makon farko na zango a zauna da kowane yaro shi kaɗai, minti 5 ya isa. A nuna masa baƙaƙe da wasula. In ya gane su, a ba shi kalmomi; in ya wuce, a ba shi jimloli huɗu; in ya wuce, a ba shi ɗan labari a tambaye shi abin da ya ji. Haka ma lissafi. A rubuta inda kowa ya tsaya. Kada a yi gwajin da amshi, domin amshi shi ne babban mayafin da ke rufe mana asiri: malami ya faɗa, aji ya ɗauka da ƙarfi, mai wucewa ta bayan taga ya ce ma sha Allah ana karatu, alhali yara goma na gaba ne ke ja, sauran motsa baki kawai suke yi. Mun taɓa shiga wani aji 5, a makarantar da ba za mu ambaci sunanta ba, yara suka karanta abin da ke kan allo sumul. Da muka goge, muka sake rubuta kalmomin nan a wani jeri daban, sai aji ya yi tsit. Malamar ta yi kuka, ba kuwa don mun ci mata fuska ba, sai don ita ma ba ta sani ba.

In an gama gwajin, a duba sunayen da suka taru a ƙasan takarda, a tambayi su wane ne. Lalle za ku tarar da marayu, waɗanda rikicin 'yan bindiga ya yawaita mana. Za ku tarar da 'yan gudun hijira da iyayensu suka baro gonakinsu suka fake a Gusau ko cikin garin Tsafe, wasu a kangaye. Za ku tarar da yarinyar da sai ta sayar da kokon safe take shigowa, da yaron da damina ke ɗauke shi wata uku, da wanda ba ya ji sosai ko ba ya ganin allo amma ana ce masa daƙiƙi. Wannan na ƙarshe sau da yawa maganinsa bai wuce a dawo da shi layin gaba ba.

Ɗan gudun hijira shi ya fi ba mu tausayi. Yaro ne mai shekara 11 wanda ya yi shekara biyu ko uku bai ga allo ba. In aka dubi tsawonsa aka sa shi aji 5, ba ya gane komai. In aka sa shi aji 1 cikin ƙannensa, kunya ta kore shi kafin wata ya ƙare. Akwai dabarar da wata ƙungiya mai suna Pratham ta ɓullo da ita a ƙasar Indiya, aka kuma gwada ta a jihar Borno, inda matsalarsu ta yi kama da tamu. A ware awa ɗaya ko fiye kowace rana, a rushe maganar aji, a raba yara bisa inda suka tsaya a gwaji: masu baƙaƙe wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Wanda ya ƙware a matsar da shi gaba nan take, ba sai ƙarshen shekara ba. Wannan ba ya bukatar sabon gini, inuwar dalbejiya ma ta isa. Abin da yake bukata shi ne makaranta duka ta yarda a taɓa jadawali, kuma kowane malami, har hedimasta, ya riƙi rukuni guda.

Sai kuma wata al'ada da muka gada wadda ya kamata mu juya ta. Malamin da ya fi ƙwarewa aji 6 muke ba shi saboda jarrabawa, aji 1 kuwa, inda yara suka fi cunkoso, sai a tura sabon zuwa ko wanda ya gaji. Mun bar tushe muna yi wa jinka ado. A mai da gwanayen malamai aji 1 zuwa 3, kuma a bar su su daɗe a can.

Game da lokaci, ku yi wannan lissafin da kanku. In makaranta tana asarar awa 1 kullum tsakanin latti da shara da dogon tara, cikin mako 36 na karatu an yi asarar awa 180, ba a sa ranar kasuwa ba, ba a sa ranar zuwa banki ba. Ɗan mai hali zai rama wannan a darasin yamma da ubansa ke biya. Ɗan talaka ba shi da inda zai rama. Ba mu zo mu ɗora wa malamai laifi ba, domin mun san wanda albashinsa ba ya kai shi rabin wata dole ya nemi wata sana'a, kuma haƙƙin hukuma ne ta biya shi abin da zai riƙe shi, a kan kari. Amma albashin da aka karɓa amana ne. Littafin sa hannu ya fito daga aljihun tebur, kwamiti ya riƙa dubawa, hedimasta kuma ya zama farkon shigowa.

'Yan'uwa, a nan dole mu juyo kanmu. Makarantunmu na Islamiyya, waɗanda muka gina da kuɗin jama'a a masallatai, da yawansu yau sun koma na masu iya biya. Ranar da aka kori masu bashin kuɗin wata, ku tsaya a bakin ƙofa ku ga su wa ke fita: su ne dai waɗancan sunaye na ƙasan takarda. A makarantun gwamnati ma da ake cewa kyauta ne, akwai yunifom, da takalmi, da littafin rubutu, da kuɗin jarrabawar zango, da tsintsiya. In mace mai takaba tana da yara biyar, wannan kyautar ta fi ƙarfinta. Kowace makaranta ta ƙidaya marayunta da 'yan gudun hijirarta da sunayensu, ta san abin da ake kashe wa yaro guda a zango, sa'annan ta kai wannan lissafi ga attajiran unguwa da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Mai kuɗi ya fi saurin buɗe hannu in an ce masa ga yara ashirin, ga sunayensu, ga abin da suke bukata, bisa ga a ce masa a taimaka wa ilmi. Shago guda da aka yi waƙafinsa ga makaranta ya fi gidauniyar da ake yi sau ɗaya a watse.

Maganar 'yan mata kuwa, kada a fara ta da zagin uwaye. Uwar da ke ɗora wa 'yarta talla ba ƙin ilmi take yi ba, cefanen yini da kayan ɗaki take nema. A sa mata cikin kwamitin makaranta, masu faɗa a ji, su shiga gidaje su sasanta lokacin talla da na aji. A gyara makewayin 'yan mata, a sa masa ƙyaure da ruwa, domin rashinsa kaɗai yana zaunar da budurwa a gida. A kuma nemi malamai mata 'yan gari; muna da Kwalejin Ilmi ta Tarayya a nan Gusau wadda mata zalla take horarwa, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Maru.

Ba za mu yaudari kanmu a kan tsaro ba. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka sake kwasar ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, aka rufe makarantun jiha. A watan Satumba na 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Uban da ya ce yana tsoro, gaskiyarsa ce. Tsare daji aikin hukuma ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu kowace makaranta ta san wa zai ba da labari in an ga abin da ba a yarda da shi ba, ta ina yara za su fita, wa zai sanar da iyaye. Ta kuma raba yaranta unguwa unguwa a rubuce, da sunan malamin da ke zaune kusa da su da zauren da za su haɗu, don in an wayi gari an rufe makaranta, karatun ƙanana bai tsaya ba.

Shi kansa tsarin kada ya wuce shafi biyu. A zaɓi abu uku da za a cim ma a shekara, a rubuta wanda zai yi kowanne, da ranar da za a tambaye shi, da abin da zai ci. Duk kuɗin da ya shigo, na gwamnati ne ko na shirin AGILE na Bankin Duniya ko na iyaye, a liƙa lissafinsa a bangon ofis inda mai unguwa da liman da kowane uba zai gani. Sa'annan gargaɗi guda: za a sami mai son ya gyara sakamakonsa ta hanyar sallamar raunanan yara ko ɓoye su ranar gwaji. Saboda haka a ƙarshen zango, in an maimaita gwajin, a bi sunayen makon farko ɗaya bayan ɗaya, wanda ba a gan shi ba a aika gidansu a ji dalili.

Muna roƙon kowane hedimasta, in Allah Ya kai mu zama na gaba, ya zo da takardu biyu a hannunsa, ta farkon zango da ta ƙarshensa, mu baje su a nan mu duba tare.