CANJI: Kalmar da ta taso daga kasuwa ta hau dandalin siyasa



Kalma ɗaya na zo da ita yau, kalmar da ba wanda zai wuni kasuwar Cadawa, ta Gazawa ko ta Gidan Rumji bai ji ta sau goma ba: canji. Mai tebur yana cewa ba shi da canji, ɗan canji yana kiran mai naira, malamin lakwal yana jiran canjin wurin aiki, ɗan siyasa kuma yana ɗaga murya da ita. Da dama cikinmu sun ɗauka gadon kaka da kakanni ce. Baƙuwa ce, kuma tafiyarta tana da darasi.

Daga Ingilishi muka are ta, inda ake rubuta ta change. Amma Ingilishi ma aro ya yi. Tushenta na cikin Latin, harshen Rumawa, a kalmar cambiare, wadda ma'anarta musayar kaya, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Daga nan ta shiga Faransancin dā ta zama changier. A 1066 Normandawa suka ƙetara daga Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada, kalmomi masu yawa suka shige cikin Ingilishi, har da wannan. Da Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903, kalmar ta biyo sojanta da kantunanta. Bakin Bahaushe ba ya son barin kalma ba wasali a ƙarshe, sai ya ce canji, ya kuma ƙera mata aikatau: canja ko canza. Fatake da direbobi suka ƙetaro da ita ta Jibiya da Ɗan Isa. Ku duba ikon Allah: mu da Faransa ta mallaka, kalmar Faransa ta iso mana ta hanyar Katsina, mu ƴan boko kuma muka sake rubuta ta da haruffan Faransanci, Tchanji.

Hausa ba ta rasa nata ba: akwai sauyi, akwai musaya, akwai juyi, akwai sakewa. Abin da ya ba canji wurin zama shi ne kuɗi. Ma'anarta ta fari a bakinmu ita ce ƙananan kuɗi: ka ba da jika guda, a mayar maka da ɗari biyar biyu. Fuskar kuɗin ta sake, darajarsu tana nan yadda take. Ma'ana ta biyu ita ce musayar naira da sefa, kuma duk wanda ya taɓa kai wake ko aya Najeriya ya san ɗan canji ba ya aikin banza, sai ya cire nasa. Ma'ana ta uku ta gomnati ce, ita ce mai zafi. A watan Afrilu na 1984 gomnatin Janar Buhari ta canja takardun naira ta rufe iyaka, masu tsohuwar naira a wannan gefen suka tafka hasara, har aka laƙaba wa yunwar wannan lokacin sunansa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Magani da taki suka hau.

Ma'ana ta huɗu ta siyasa ce. Bayan babban taron ƙasa na 1991, ƙawancen jam'iyyun AFC ya hau mulki da alkawarin canji, Mahaman Usman na CDS-Rahama ya ci zaɓen Maris na 1993. Jama'a sun yi murna, don sun gaji da mulkin jam'iyya ɗaya. Amma a watan Satumba na 1994 PNDS ta fice daga ƙawancen, a 1995 shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadu suka shiga zaman doya da manja, ma'aikata suna bin bashin albashi, ranar 27 ga Janairu 1996 kuma Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da gomnatin. A Najeriya ma, a 2015, da kiran canji APC ta karɓi mulki. Daga baya kalmar ta sake fitowa a nan, cikin sunan jam'iyyar RDR-Canji.

Ban zo in zargi kowa ba. Abin da nake so mu lura shi ne, mai kiran canji bisa dandali ba ya faɗa mana wace ma'ana yake nufi. Wani canjin na mai tebur ne: a sake fuskoki, hali yana nan. Wani na ɗan canji ne: a musanya, a cire kamasho, talaka ya koma gida da ƙasa da abin da ya kawo. Wanda muke bukata shi ne wanda Hausa ta kira gyara: albashi ya fito kan lokaci, manomin Agye ya samu taki kafin shuka, ɗan kasuwar Tsibiri ya kai kayansa iyaka ba tare da an tatse shi a kowane shinge ba.

Alhazai, ku kuka koya mana cewa ba a barin gaban tebur sai an ƙirga canji. Wanda ya ƙirga sai ya isa gida, ba shi da wanda zai kama. To, duk ranar da wani ya zo mana da wannan kalma, farar hula ne ko mai kaki, mu tambaye shi: canjin me da me, nawa za ka cire, yaushe za mu ƙirga? In ya amsa, mu rubuta mu aje. In ya fusata, mun san irin canjin da ya kawo.

Allah ya sa mu dace.