Tsare Sauti A Kan Tsaninsa: Jawabi Ga Ɗalibai Masu Haɗa Kiɗa Da Kwamfuta



An nemi in yi bayani a kan yadda manhajar haɗa kiɗa take hana sauti kauce wa tsaninsa. Sai mu fara da MIDI. A shekarar 1983 aka fito da wannan tsari, bisa ƙoƙarin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland na Japan, domin kayan kiɗa na lantarki su riƙa jin maganar juna. MIDI ba ya ɗauke da amo ko kaɗan, umarni kawai yake kaiwa: danna sauti kaza, da ƙarfi kaza, saki a lokaci kaza. Kowane sauti yana da lamba, daga 0 zuwa 127. Lamba 60 ita ce ta tsakiyar fiyano, kuma duk lamba 12 zango guda ke nan.

To, daga cikin 12 ɗin nan waƙa takan zaɓi 7 ko 5 ta yi ta hawa da sauka a kansu. Su muke kira tsani. Manhajoji irin su FL Studio da Logic Pro da Ableton Live suna iya haska maka matakalan tsanin da ka zaɓa, har ma su janyo duk sautin da ya faɗa waje su ɗora shi a matakala mafi kusa. Wanda bai taɓa koyon fiyano ba sai ga shi yana kiɗa babu tuntuɓe. Ni ban raina wannan taimako ba, musamman ga mai koyo da ba shi da malami a kusa.

Amma fa harshenmu mai karin sauti ne, na'ura kuwa ba ta jin Hausa. Ku dubi kalmar kuka. In murya ta sauko a gaɓa ta biyu, itaciya ake nufi. In ta tsaya a sama, hawaye ne. A ce tsaninka mai matakala 5 ne, wato 60, 62, 64, 67 da 69, ka kuma kaɗa 65 sannan 64 domin muryar ta sauko. Tun da 65 ba ta cikin tsanin, manhaja za ta mayar da ita 64. Gaɓoɓin biyu sun zama daidai ke nan, mawaƙin da ke bin fiyano ya tashi daga inuwar kuka ya koma gidan makoki, alhali allo yana nuna komai lafiya lau.

Haka kuma goge da kukuma ba su san lamba ba. Yatsan Garba Supa zamewa yake yi a kan tsirkiya, yana bi ta tsakanin 64 da 65, inda fiyano ba shi da wurin dannawa. MIDI yana da umarnin lanƙwasa sauti, mai daraja 16,384, wanda aka tanada domin irin wannan zamiya, sai dai kaɗan ne cikin masu koyo suke waiwayarsa. Tun 1992 akwai ƙa'idar sake auna tazarar matakalan, kuma Live 12 na 2024 ya ba mutum damar loda ma'aunin da ba na Turawa ba.

Shawarata ita ce ku kunna haskakawar, ku kashe janyowar ta dole. In kuwa kun riga kun bar manhaja ta gyara, to kafin a ɗauki murya ku rera baitin da bakinku, kalma bayan kalma, duk inda ma'ana ta juya ku ɗaga sautin gaɓar farko da hannu zuwa 67, ko ku sauke ta biyu zuwa 62.